Ciwon Baya Da Karkatar Ƙugu: Gyara Kan Abin Da Ake Faɗa Wa Mutanenmu A Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana kan ciwon baya da kwankwaso mai daɗewa, wanda ya addabi 'yan'uwanmu mazauna Legas, tun daga 'yan dakon Mile 12 da Alaba Rago, da direbobin tirela da tanka masu kwana a layi a Apapa, har zuwa teloli da masu gadi da matan aure a Agege da Idi-Araba. Mu likitocin fisiyo ne, wato masu jinyar ciwon tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ke yawo a wayoyin mutane, wai duk mai ciwon baya ƙugunsa ne ya karkace, sai an samu mai ƙarfi ya mayar masa da shi. Ga kuma tsohuwar magana, cewa duk ciwon kwankwaso basir ne ko sanyi. Ta farkon akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai an yi mata ƙari. Ta biyun kuwa ta sa mutane shan jiƙe-jiƙe da agbo shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa cewa su tashi tsaye ya duba bayan.

Ƙashin ƙugu faffaɗan ƙashi ne mai zagaye. Ƙasusuwa 5 na ƙasan gadon baya, waɗanda suka fi kowane ɗaukar nauyi, a kansa suke zaune, ƙafafu biyu kuma suna shiga cikinsa ta kwatangwalo. A ɗauke shi kamar ƙwarya cike da ruwa. In ta sunkuya gaba, ruwan ya zube ta gaba: lanƙwasar ƙasan baya ta ƙara zurfi, mazaunai su fita baya, ciki ya turo ko da mutum ba shi da tumbi. In ta kwanta baya, lanƙwasar ta baje, mazaunai su shige, mutum ya ranƙwafa. Akwai kuma na uku, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Tsokoki ne ke juya shi. Akwai wata doguwar tsoka da ta faro daga jikin ƙasusuwan ƙasan bayan kansu, ta bi ta can cikin ciki, ta ratsa matsematsi, ta kama saman ƙashin cinya. Ita ke ɗaga gwiwa in za ka hau bene ko okada. Akwai wata a gaban cinya, daga ƙugu zuwa ƙoƙon gwiwa. Waɗannan biyun, tare da tsokokin da ke gefe da gefen gadon baya, su ke jan ƙugu ya sunkuya gaba. Tsokar ciki, da ta mazaunai, da ta bayan cinya, su ke mayar da shi baya. Wani likita ɗan ƙasar Cek, Vladimir Janda, shi ya shahara da bayanin cewa a jikin mutane da yawa na farkon sukan ɗaure, ta ciki da ta mazaunai kuma su yi rauni, ja ya fi ƙarfi ta ɓangare ɗaya.

Yadda Legas ke haifar da wannan ba ɓoyayye ba ne. Direban da ya yi awa 10 a zaune, kwatangwalonsa a naɗe yake duk tsawon lokacin, tsokar gaba tana gajarce, ta mazaunai kuma an danne ta ba ta aikin komai. Da ya sauko daga mota zai ji ba zai iya miƙewa nan take ba, sai ya dafa ƙugu ya yi taku uku huɗu a sunkuye. Haka tela a kan keke, haka wanda danfo ya riƙe a gosulo daga Agege zuwa Obalende, gwiwoyinsa sun fi ƙugunsa tudu saboda matsin kujera. Mai shayi da mai suya da mai gadi nasu daban ne: tsayuwa wuri ɗaya, gwiwa a kulle, ciki a sake, nauyin jiki duk ya sauka kan ƙananan gaɓoɓin da ke bayan gadon baya. Irin wannan ciwon yana ƙaruwa da tsayuwa da tafiya a hankali, kamar yawon kasuwa, yana lafawa in an zauna ko an tsuguna.

To amma a nan ne ake wuce gona da iri. Karkatar ƙugu zuwa gaba ba cuta ba ce a karan kanta. A wani bincike da aka buga a Ingila a 2011, an auna matasa 120 da ba su da ciwon komai, aka tarar kashi 85 cikin 100 na mazan da kashi 75 na matan ƙugunsu ya ɗan sunkuya gaba. Halittar ƙashin ma ta bambanta daga mutum zuwa mutum, ta yadda ido kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Saboda haka duk wanda ya dube ka daga nesa ya ce ƙugunka ya goce, ya karɓi kuɗinka ya taka maka baya har ya yi ƙara, bai mayar da komai ba. Ƙarar da ka ji iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji in an ja yatsa. Za ka iya jin sauƙi na yini ɗaya ko biyu, ƙashin kuwa yana nan inda yake, tunda dama bai fita ba. Abin da muke dubawa shi ne: shin mutum yana iya juya ƙugun gaba da baya da kansa, ko ya maƙale a wuri ɗaya? Shin ciwon yana tashi ne a wannan matsayin, ya sauka in an canza shi? In amsar biyun e ce, to akwai aikin yi a kan tsokokin.

Ga yadda mutum zai gwada a gida. Ka jingina da bango, dunduniya ta yi nisan kamar yatsu huɗu daga bangon, mazaunai da kafaɗu suna taɓa shi. Zura tafin hannu ta bayan kwankwaso. In tafin ya shiga daidai, ba laifi. In dunƙulen hannu ya wuce, har da sauran wuri, lanƙwasar ta yi zurfi. Sannan ka gwada manna kwankwason da bango ba tare da ka durƙusar da gwiwa sosai ba. Wanda ya kasa ko kusantar bangon, shi ne wanda ya maƙale.

Gwaji na biyu tsoho ne, sunan wani likitan ƙashi na Birtaniya na ƙarni na 19, Hugh Owen Thomas, yake ɗauke da shi. Ka zauna a bakin gado mai tauri ko benci, ka rungume gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ka kwanta baya a hankali, ɗaya ƙafar tana reto. In cinyar da ke reton ta sauka ta kwanta daidai da bencin, tsokar gaba lafiya lau. In ta tsaya a sama, doguwar tsokar nan ta ɗaure. In cinyar ta sauka amma gwiwar ta ƙi lanƙwashewa, ƙafar ta miƙe gaba, to ta gaban cinya ce. Na uku, tsaya gaban madubi ka ɗaga ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. In ƙugun ɓangaren da ka ɗaga ya zube ƙasa, tsokar gefen kwatangwalon ƙafar da kake tsaye a kai ta yi rauni.

Kafin a fara komai, akwai alamun da in an gan su ba maganar motsa jiki ake ba, asibiti ake tafiya. Fitsari ya tsaya ko yana zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi da al'aura ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta fara ja a ƙasa: wannan a ranar za a tafi, ko da tsakar dare ne, domin jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma jinkiri na iya barin nakasa. Ciwon baya tare da zazzaɓi da zufar dare da rama, a nemi gwajin tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya har ya yi ƙusumbi. Dattijon da ya haura 50 da ciwon da ba ya lafawa ko a kwance, musamman in fitsari na ba shi wahala, a bincika shi sosai. Mai sikila da ke jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi, kan ƙashin cinya ake zargi. Matashi kuma da ke tashi da asuba bayansa a sandare fiye da minti 30, in ya motsa ya ji dama, in ya huta ya ƙaru, wannan kumburin gaɓoɓi ne, maganinsa daban. Wanda ya faɗo daga mota ko gini shi ma asibiti zai tafi. Ƙoda da mahaifa ma suna aiko ciwo baya.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to mutum yana cikin mafi rinjaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata cuta ɗaya tak da za a nuna a ce ita ce. Mai daɗewa shi ne wanda ya wuce wata 3. A irin wannan, hoton ƙashi ba ya ƙara komai galibi, sai tsoro. Eksire ba ya nuna tsoka. Hoton MRI, mai nuna tsoka da jijiyoyi, shi kuma yana nuna abin da ke jikin masu lafiya ma: wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwo ya nuna kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan ɓullo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Kalmar sifondilosis da ake rubutawa a takardar hoto, wadda ke hana mutane barci, yawanci alamar shekaru ce kawai.

Yanzu ga aikin. Tabarma ko darduma ta isa, ba a buƙatar zuwa gidan motsa jiki.

A fara da koyon juya ƙugun, domin wanda bai iya wannan ba duk sauran zai yi su ne da baya. Kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa. Sa hannu ƙarƙashin kwankwaso. Fitar da numfashi, ka danne hannun da bayanka ta hanyar jan mara ciki, kamar kana son mazagin wando ya matso wajen haƙarƙari. Riƙe daƙiƙa 5, ka saki, sau 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe numfashi da tura ƙasa da ƙafa. In wuya ta kumbura ko fuska ta ɗaure, ƙarfin ya yi yawa.

Sai miƙar da tsokar gaba, wadda kusan kowa ke yin ta ba daidai ba. Durƙusa kan gwiwar dama, ka naɗe darduma ƙarƙashinta, ƙafar hagu tana gaba tafinta a ƙasa. Dafa kujera. Kafin ka matsa ko'ina, matse tsokar mazaunin dama, ka juya ƙugu baya kamar yadda ka koya a kwance. Mutane da yawa a nan kaɗai za su ji ja a gaban cinya da matsematsi. Sannan ka matsa gaba kaɗan, abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ƙirji a tsaye. Riƙe daƙiƙa 30, sau 3 a kowane ɓangare, safe da yamma. Abin da ke ɓata ta shi ne zurmawa gaba sosai don a ga an yi nisa. Da zarar ka zurma, ƙugu ya sake sunkuyawa, baya ya banƙare, tsokar da ake nema ta tsira, gaɓoɓin baya su sha matsi. Wanda ya tashi daga wannan yana jin ciwo a kwankwaso maimakon ja a cinya, abin da ya faru ke nan.

Miƙarwa kaɗai ba ta riƙe gyara. Sauƙinta na ɗan lokaci ne, ƙarfi ne ke zaunar da shi, shi ya sa muka fi ba tsokar mazaunai muhimmanci. Kwanta rigingine kamar farko, dunduniya kusa da mazaunai da kamar taƙi ɗaya. Juya ƙugu baya, ka tura da dunduniya, ka ɗaga har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su yi layi ɗaya. Tsaya daƙiƙa 3, ka sauko a hankali. Sau 10 zuwa 12, zagaye 3. In bayan cinya ya ɗaure maka, dunduniyar ta yi nisa, jawo ta. In a kwankwaso kake ji, ka ɗaga fiye da kima. In wannan ya zama wasa, bayan mako 2 ko 3, a koma yi da ƙafa ɗaya, ko a ɗora galan mai lita 5 a kan mara.

Tsokar ciki ba a ƙarfafa ta da tashi-zaune irin na 'yan ƙwallo, inda ake kwanciya wani ya danne ƙafa ana tasowa. Wannan tsokar gaban ƙugu yake ƙara wa aiki, ita da muke son ta saki. Haka ɗaga ƙafafu biyu a miƙe. Abin da ake so shi ne ciki ya riƙe ƙugu yayin da ƙafa ke motsi. Kwanta, manna kwankwaso da ƙasa, ɗaga gwiwoyi biyu su tsaya saman ƙugu. Sauke dunduniya ɗaya ta taɓa ƙasa, ka dawo da ita, sannan ɗayar. Sau 8 kowace ƙafa. Dokar ɗaya ce: da kwankwaso ya ɗaga daga ƙasa, zagayen ya ƙare, ko da sau 3 ka yi. Bayan shi sai rarrafe: hannuwa ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, daƙiƙa 8 zuwa 10, sau 5, ka canza. Ƙafar kada ta wuce tsayin ƙugu. Wanda ƙugunsa ya zube a gwajin madubi ya ƙara da kwanciya kan gefe, ya ɗaga ƙafar sama a miƙe tana ɗan ja baya, yatsu na kallon gaba, sau 12, zagaye 2.

Wani abin lura game da bayan cinya. Mai ƙugun da ya sunkuya gaba yakan ji bayan cinyarsa a ɗaure, sai ya dinga sunkuyawa yana neman taɓa yatsun ƙafa. Tsokar ba gajarta ta yi ba, a jawe take dama saboda ƙugun ya ɗaga ta baya. Ƙara jan ta ba ya warware komai, kuma in akwai jijiyar da ke ciwo zuwa ƙafa, tayar da ita yake yi.

Sannan ba kowa wannan tsarin ya dace da shi ba. Wanda ƙugunsa ya kwanta baya, wanda ciwonsa ke tashi da zama da sunkuyawa yana sauka da tsayuwa, manna baya da ƙasa ba shi ne buƙatarsa ba. Shi ya naɗe tawul mai kaurin damtse ya sa a kwankwaso in zai zauna ko zai tuƙa mota, ya ɗaga mazauninsa da matashi har ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, in ya tashi kuma ya dafa ƙugu ya ɗan banƙare baya sau 5 zuwa 10. Wanda gefensa ɗaya ya fi tudu, a auna ƙafafun tukuna. Bambancin da bai kai santimita 2 ba ba kasafai yake damuwa ba. Wanda ya fi haka, daga shan inna ko karayar da aka ɗora ta gajarce, shi ake ƙara wa takalmi, kuma a hankali, ba duka lokaci ɗaya ba. Walat mai kauri a aljihun baya ma tana karkatar da mai zama, a ciro ta.

Tambayar da kowa ke yi: in yana ciwo in ci gaba? In ka auna ciwon daga 0 zuwa 10, wanda bai wuce 3 ko 4 ba, kuma ya koma yadda yake kafin awa 24, ba ɓarna ba ce. In ya wuce haka, a rage yawa da rabi, kada a daina. In kuwa ciwon ya fara gangarowa ƙafa, ya wuce gwiwa, ko ƙafa ta fara mutuwa, a tsaya a nemi likita. Motsin ƙarfi kwana 3 ko 4 a mako ya isa, minti 15 zuwa 20. Tsoka ba ta canzawa a mako ɗaya. Sai an yi mako 6 ake ganin bambanci na gaske, a ba shi mako 12 kafin a ce bai yi ba. Yawancin waɗanda suka ce sun gwada bai yi aiki ba, a mako na biyu suka ajiye, ko kuma sun shekara suna yin abu ɗaya ba su ƙara nauyi ba.

Tafiya a ƙafa na cikin maganin. A wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2024, waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya da wayar da kai sun kai kwana 208 a matsakaici kafin ciwon ya dawo musu, waɗanda ba a ɗora ba kwana 112. A fara da minti 10 da ɗan sauri, a ƙara minti 5 duk mako har a kai 30. Direban da ke layi a Apapa yana da wannan lokacin. Wanda ke zaune kuma ya tashi duk minti 30 zuwa 45, ko na minti ɗaya ne. Mai tsayuwa ya ajiye bulo a ƙasan teburinsa, ya dinga ɗora ƙafa ɗaya yana canzawa, hakan na sassauta lanƙwasar baya nan take.

'Yan dako da masu tura kurar ruwa matsalarsu ba rashin ƙarfi ba ce, yawan nauyi ne da gajiya. Jarka ɗaya kilo 25 ce, kura mai jarka 10 kilo 250 ban da nauyin kurar. Buhun siminti da na shinkafa kilo 50, na hatsi daga Arewa yakan kai 100. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka kilo 23 ta sa a matsayin iyaka, shi ma in komai ya daidaita. Ba mu ce wani ya bar sana'arsa ba. Amma a lura da inda ake jin rauni. A dubi mai sauke kwandon tumatir daga tirela a Mile 12: yana tsaye a ƙasa, ya miƙa hannu ya jawo kwandon daga bakin mota, kwandon na nesa da ƙirjinsa, ƙafafunsa a kafe, sai ya murɗa ƙugu ya juya da shi. Nisa da murɗawa, su ne matsalar. In nisan kaya daga jiki ya ninku, abin da kayan ke jefa wa ƙasan baya shi ma ya ninku. A jawo kaya ya taɓa jiki kafin a ɗaga, a juya da ƙafa, a bar buhu mai kilo 100 ga mutum biyu wajen ɗorawa da saukewa. Wanda ya dawo daga gida bayan hutun wata biyu kada ya fara da nauyin da ya bari, ya ɗauki mako guda yana hawa. Kura kuma a tura ta, kada a ja, kuma a cika iskar taya.

Sunkuyawa daga kwatangwalo ba baƙon abu ba ne ga mai salla, ruku'u ne in an yi shi yadda malamai suka koyar, baya a shimfiɗe. A gwada da sanda a bayan jiki, tana taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da saman mazaunai. A tura mazaunai baya, gwiwa ta ɗan saki, a sunkuya ba tare da sandar ta rabu da ɗaya daga wuraren uku ba. Sau 10, sau biyu a rana. Wanda ciwo ya tsananta masa, shari'a ta ba shi damar salla a zaune, amma in ya samu sauƙi ya koma tsayuwa da sujada, kada kujera ta zame masa wurin zama na dindindin alhali jikinsa na iyawa.

Mata kuma ciki da haihuwa suna miƙar da tsokar ciki, goyo ya biyo baya, ga shara da gajeriyar tsintsiya da wanki a sunkuye. A ɗora bahon wanki kan benci, a ɗaure goyo sama kuma ya manne, a daina saɓa yaro a kwatangwalo ɗaya kullum. Mai jego ta kwanta ta ɗan ɗaga kai, ta taɓa saman cibiya: in yatsu fiye da biyu suna nutsewa tsakanin tsokokin, ta ga likitan fisiyo kafin ta fara motsin ciki mai ƙarfi. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likitanta.

Maganar magani gajeriya ce. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta goyi bayan motsa jiki da wayar da kai da tausa da magungunan kumburi na ɗan lokaci, ta kuma ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu, da injin jan baya, da magunguna dangin tiramol. Haɗin da ake ƙullawa a leda a tasha shi ya fi damun mu, domin sau da yawa akan haɗa ibufurofen da dikulofenak da firoksikam wuri ɗaya, alhali 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawowa, balle ga wanda ke aiki cikin rana bai sha ruwa sosai ba, ko mai hawan jini. Tiramol kuwa yana ɓoye ciwo ne mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya kama shi. Man zafi da gashi da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 ba laifi, suna sassautawa a samu a motsa. Ƙaho ma wasu na jin daɗinsa, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma a tabbata aska sabuwa ce. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu ƙara sandarar da baya take yi. Wajen barci, mai kwanciya kan gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa shi ƙarƙashinsu.

Akwai sashen fisiyo a Asibitin Ƙashi na Igbobi, da asibitin koyarwa na Idi-Araba da ke tsakiyar unguwar mutanenmu, da na Ikeja, da babban asibitin Gbagada. Wanda zai je wurin mai zaman kansa ya tambayi lasisinsa na hukumar MRTB, ita ke yi wa likitocin fisiyo rajista a Najeriya. A tafi da wando mai sakewa, da duk magungunan da ake sha har da na gargajiya, a kuma iya faɗin abu uku: yaushe ciwon ya fara, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci sosai ya tafi da mai fassara, ya kuma roƙi a bar shi ya ɗauki motsin da aka koya masa a bidiyon wayarsa, domin ya duba a gida ya ga ko yana yin su daidai.

Wassalam.

Naku,
Wasu likitocin fisiyo,
Agege, Legas.